Abin da Muka Ɗauko Daga Gindiri

Ni Bahaushiya ce, haifaffiyar wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma a gidan masu bi na tashi. Kakana Bamaguje ne, ya rayu ya koma a kan al'adar iyayensa. Mahaifina ne ya karɓi bishara tun yana saurayi, ta bakin wani mai bishara na mishan ɗin SIM da ke zagaya ƙauyukanmu a kan keke. Yau ina zaune a arewacin Ingila, na kusa ajiye aikin jinya. Shaidar da nake so in bayar ta makarantar da ta rene ni ce, da yadda Ubangiji ya yi amfani da 'yan matan da muka kwana ɗaki ɗaya da su ya tallafe ni a lokacin da ƙafafuna suka kasa ɗaukata.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta auri wani malamin makaranta a Bukuru, ita ce ta ɗauke ni riƙo ina aji huɗu na firamare. Da na ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta Gindiri, sai magana ta koma gida. Dangi suka ce kuɗin da za a zuba a karatun 'ya mace gara a sayi shanun huɗa, tunda ƙarshenta gidan wani za ta. Baba bai yi musu da kowa ba. Ya kai audugarsa kasuwa, ya ƙulle kuɗin a bakin zanen Inna, ya dube ni ya ce, "Ke dai ki ji tsoron Allah, ki ji maganar malamanki. Sauran na Ubangiji ne."

A watan Satumba na 1979 na shiga. Daga Bukuru muka bi ta Barikin Ladi muka sauka Mangu, daga nan muka hau wata motar da ta ratse zuwa Gindiri. Akwatin ƙarfe, bokiti, fartanya, tsintsiya, da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli, su ne dukiyata. Bayan 'yan makonni aka rantsar da Solomon Lar gwamnan Filato, kuma ranar duk garin ya ɗauki murna, domin shi ma a kwalejin horon malamai ta Gindiri ya yi karatu. A lokacin ne na fara gane cewa wurin da aka kawo ni ba ƙaramin wuri ba ne.

Malamanmu ba sa gajiya da ba mu tarihin wurin, mu ma har muka haddace. Mishan ɗin SUM, wanda Karl Kumm ya jagoranta, ya fara kafa sansani a Wase a 1904. A 1934 aka buɗe Gindiri, a ƙasar mutanen Pyem, don horar da malamai da masu bishara. Makarantar sakandare ta maza ta biyo baya a 1950, makarantar yara makafi a 1953, tamu ta 'yan mata kuma a 1958. Duk suna nan kusa da juna, ƙarƙashin ikkilisiyar da iyayenmu ke kira EKAN, wadda yanzu kowa ya sani da COCIN. Ana gaya mana cewa Joseph Gomwalk, gwamnan farko na jihar Binuwai-Filato, ɗan makarantar mazan ne. Amma wata malamarmu ta ilimin Littafi Mai Tsarki takan ce kada mu auna makaranta da yawan gwamnonin da ta haifa, mu auna ta da malaman ƙauye da unguwarzoma da matan fastoci da suka fita daga cikinta ba wanda ya san sunansu. A lokacin na ɗauka magana ce irin ta manya. Yanzu da na tsufa, na tsaya a kan ra'ayinta.

Daren farko sanyi ya hana ni barci. Na saba da hunturun Katsina, amma na Filato daban ne, yana shiga har ƙashi, ga shi damina ba ta gama tafiya ba. Ina kwance ina kuka a hankali don kada a ji, sai na ji an dafa ni. Wata 'yar aji huɗu ce, 'yar Ngas daga Pankshin. Ta ce, "Ƙanwata, daga ina?" Na ce, "Daga Malumfashi, Yaya." Ta cire suwaitar jikinta ta sa mini, ta zauna a bakin gadon ta yi mini addu'a da Hausa, ta ce daga yau ita ce uwar ɗakina. Ita ta koya mini gyaran gado, da yadda ake raba sabulu ya kai ƙarshen zango, da cin gwate da acca waɗanda ban taɓa sa wa a baki ba. Har yau Yaya nake kiranta, ko da yake dukanmu mun yi jikoki.

Akwai wani abu da Gindiri ta yi mini wanda sai Bahaushe Kirista zai gane zurfinsa. A gida mu 'yan tsiraru ne. A kasuwa in aka ji sunana na baftisma sai a sake dubana, a tambaye ni ko 'yar ina ce, alhali kakannina a wannan ƙasar aka binne su. Na taso ina jin kamar dole in zaɓi ɗaya, ko Hausa ko Almasihu. A Gindiri kuwa na tarar da 'yan Mwaghavul, Berom, Tarok, Ngas, Ron, Jukun, Bachama, Sayawa daga Tafawa Ɓalewa, kowa da harshen gidansu. A aji Turanci muke yi. Amma da zarar zuciya ta cika, ko a waƙa, ko a addu'ar dare, ko in an aiko wa wata cewa an yi mata rasuwa, Hausa ce ke haɗa mu. Harshen da na sha a nono shi ne wanda dukan waɗannan kabilu ke kai kukansu gaban Allah da shi. Sukan ce in karanta musu Zabura, wai a bakina ta fi daɗi. Ina karantawa ina jin wani nauyi yana sauka daga kafaɗata. Tun daga nan ban ƙara jin kunyar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Rayuwar yau da kullum kuwa ƙararrawa ce ke tafiyar da ita. Tashin asuba, ɗan lokacin shiru da Littafi Mai Tsarki, shara, wanka da ruwan sanyi, sujadar safe, aji, aikin gona, karatun dare. Ba a bar mana lokacin zaman banza ba, kuma kowace yarinya, 'yar kwamishina ko 'yar manomi, fartanya ɗaya take riƙewa.

Abin da ya fi tasiri a kaina shi ne zumuntar ɗalibai Kirista, FCS, wadda a Gindiri ɗin aka haife ta a 1957 kafin ta bazu makarantun Arewa. A nan ne, ina aji uku, na gane cewa bangaskiyar Baba ba za ta tsaya mini ba, sai na ba da kaina. Ba wata babbar wa'azi aka yi ba. Wata 'yar ajinmu ce ta tashi ta ba da shaidar yadda ta gafarta wa kishiyar uwarta, tana magana tana rawar murya. Na koma ɗaki na durƙusa na ce wa Yesu ga ni. Da hutu ya zo aka yi mini baftisma a ikkilisiyarmu ta ECWA a gida, Baba yana tsaye a bakin ruwa.

Ta hanyar zumuntar ne kuma muke zuwa makarantar makafi ranar Asabar, mu taya ƙananan wanki, mu yi musu kitso, mu yi waƙa tare. Akwai wata ƙaramar yarinya da ke gane ni da takun ƙafata tun kafin in yi sallama. Ita ta kama yatsana ta ɗora a kan rubutun makafi, ta nuna mini yadda ɗigo-ɗigon nan ke zama kalma, ta karanta mini Bisharar Yohanna da yatsunta. A hanyar komowa ne na fara tunanin aikin jinya. Na ga cewa hannu ma yana wa'azi, kuma nawa hannun ya fi bakina iya magana.

Shekarar 1983 ta zo wa Arewa da wuya. Damina ta yi gardama, ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, ga tsuke bakin aljihu da gwamnatin Shagari ta shiga tun shekarar da ta gabata. Shanun huɗar Baba biyu duk suka mutu. Ya aiko da wasiƙa ta hannun fasto cewa in yi haƙuri, ba shi da abin biya mini zangon ƙarshe da kuɗin jarrabawar WAEC. Ban gaya wa kowa ba, na fara haɗa kayana. Wata 'yar Langtang da gadonta ke kusa da nawa ta ga wasiƙar a cikin Littafina. Ba ta ce mini komai ba. Bayan kwana kaɗan sai ga 'yan ɗakinmu sun zo da gwangwanin madara cike da sulalla da tsofaffin takardun naira, kuɗin sabulunsu da na motar komawa gida. Bai kai ba. Sauran wata malama ce ta cika, kuma ta roƙi shugabar makaranta kada a faɗa mini ko wace ce. Har na gama a 1984 ban sani ba, har yau ma zato kawai nake yi. Na tambayi 'yar Langtang ɗin yadda zan biya su. Ta ce, "Ke ma wata rana za a kawo miki gwangwani."

Daga nan rayuwa ta yi sauri. Na yi makarantar jinya, na yi aiki a Jos, na auri wani tsohon ɗalibin makarantar maza, ɗan Mangu, mutum mai sanyin hali da son waƙa. Muka ga rikicin Jos na Satumba 2001 da idanunmu, na yi kwanaki a asibiti ina ɗinke raunukan Kirista da Musulmi a gado ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara biyu, lokacin da Ingila ke ɗibar ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje, na samu aiki na tafi, maigida da yara suka biyo ni daga baya.

Wanda bai zauna a baƙuwar ƙasa ba yana ganin daɗi ne zalla. Akwai albashi, akwai wuta da ruwa, na gode wa Allah. Amma akwai kaɗaicin da ba ya faɗuwa. Maƙwabcinka zai gaishe ka da fara'a shekara goma bai san sunan 'ya'yanka ba. Majami'ar da muka shiga mutanen kirki ne, sun karɓe mu hannu biyu, sai dai sujada takan ƙare cikin awa ɗaya kowa ya kama gabansa, ba ganga, ba guɗar Zumuntar Mata. Nakan dawo daga aikin dare cikin duhun hunturu in zauna a mota in rera waƙoƙin da muka koya a Gindiri ni kaɗai kafin in shiga gida. 'Yan ajinmu kuwa duk mun ɓace wa juna. Aure ya canza sunaye, aiki ya watsa mu.

Facebook ne ya fara tono mu ɗaya bayan ɗaya, sannan wata ta buɗe mana zaure a WhatsApp. Sai ga mu a ko'ina: Jos, Abuja, Yola, Hustan a Amurka, Kalgari a Kanada, Dablin, har da wata a Ostareliya. Muka jawo Yaya ciki duk da ba ajinmu ba ce, domin rabinmu ta rena. Makonnin farko ba a barci. Tsofaffin hotuna, sunayen da muka laƙaba wa juna, wa ta tuna ranar da ƙudan zuma suka tarwatsa sujada, wa ta tuna gasar waƙa da 'yan makarantar maza. Akwai babbar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, GOSA, wadda ta haɗa dukan makarantun Gindiri, amma wannan ɗan zauren namu ne na cikin ɗaki.

Zan faɗi gaskiya, ba kowane irin tuna baya nake so ba. Akwai wanda ba komai cikinsa sai alfahari, a ce mu ne aka yi wa tarbiyya, 'yan yanzu ba su san komai ba. Wannan ba ya ciyar da kowa. Mun kuma sha saɓani a kan siyasa har wasu suka fita suka dawo. Da zauren ya tsaya a hotuna da gardama, da ban rubuta wannan ba.

A watan Maris na 2020 aka kulle Ingila saboda annobar korona. Ni ina cikin masu fita aiki kullum. A watan Afrilu maigidana ya kamu. Aka ɗauke shi a motar asibiti daga ƙofar gida, ya ɗaga mini hannu, ban ƙara ganinsa da rai ba. Ni da na riƙe hannun mutane da yawa suna cikawa, ba a bar ni na riƙe nasa ba, domin dokar lokacin ke nan kuma ta hau kan kowa. Ba halin kai shi Mangu. Ba zaman makoki. A gida da tuni tsakar gida ta cika da mata, ana dafa abinci, ana waƙa har gari ya waye. A nan kuwa ni ce da 'ya'yana a falo, ba mai iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Layi ɗaya na rubuta a zauren: "Baban yara ya tafi gida." Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan shaida. Ba tare da na roƙa ba, suka raba sa'o'in yini da dare a tsakaninsu. Nisan da muke kuka da shi, shi Ubangiji ya juya ya zama mana tsaro. Ƙarfe uku na dare a Ingila, lokacin da baƙin ciki ya fi danne mutum, ƙarfe takwas na yamma ne a Kalgari, Yaya ta taso daga aiki. Sai wayata ta yi ƙara. "Ƙanwata, na san idonki biyu. Kada ki yi magana, ki saurara kawai." Ta karanta mini Zabura ta 121 da ta 23, wani lokaci ta yi waƙa, wani lokaci mu yi shiru tare. In ta gaji ta Hustan ta karɓa. Kafin asuba ta Ostareliya tana tsakar rana, ita ke riƙe da ni har 'yan Jos su tashi. Makonni aka yi haka, ba daren da na buɗe ido na rasa wadda ke farke domina. Zabura ta ce mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Na daɗe da haddace ayar, amma a muryoyin waɗannan mata na ga yadda yake cika ta.

Wata 'yar ajinmu da ke Birmingham, da aka ɗan sassauta dokar fita, ta tuƙo mota ta ajiye mini kular gwate da tuwon masara da miyar kuka a bakin ƙofa, ta koma can bakin titi ta tsaya, muka yi kuka muna kallon juna daga nesa. Ranar jana'iza mutane ƙalilan aka yarda su shiga. Sauran suka taru a Zoom, 'yan ajinmu da abokan maigida na makarantar maza. Da aka ɗaga waƙa muryoyin ba su haɗu ba saboda jinkirin intanet, ta Yola tana gaba, ta Kanada tana baya, amma ba wadda ta yi shiru. 'Yata ta fari, wadda Hausarta ta yi rauni, ta tambaye ni daga baya, "Mama, su waye waɗannan? Danginmu ne?" Na ce mata e. Dangina na jini ma ba su bar ni ba. 'Ya'yan baffana, waɗanda Musulmi ne, sun yi ta kira daga Malumfashi suna ta'aziyya, suna cewa Allah ya ba ni haƙuri, kuma na ji daɗin kowace kalma tasu.

Ba zan ce ciwon ya warke ba. Akwai ranakun da har yanzu nakan ɗora tukunya ta mutum biyu. Amma ban yi fushi da Allah ba, kuma na san dalili. Tun ina 'yar shekara goma sha uku ya fara shirya waɗanda za su riƙe ni ina da hamsin da 'yan kai. Babana yana ganin takardar shaida yake saya mini da kuɗin audugarsa. Takardar ta yi amfani, ita ta kawo ni nan. Amma ranar da ta kasa yi mini komai, abin da ya rage shi ne halin da aka dasa mana, na cewa nauyin 'yar'uwarki naki ne, kuma ba sai ta roƙa ba.

A 2023 tashin hankali ya faɗa wa ƙauyukan Mangu, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka bar gidajensu. Daren jajibirin Kirsimeti na shekarar kuma aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Waɗannan ba sunaye ba ne a jarida a wurinmu. Garuruwan 'yan ɗakinmu ne, can muka je hutu, can dangin mijina suke. A taron addu'armu na wata-wata, 'yar Langtang ɗin nan, wadda yanzu shugabar makarantar firamare ce mai ritaya, ta ba mu labarin 'yan matan da suka rasa iyaye suka daina zuwa makaranta. Da ta gama ta kira sunana ta ce, "Kin tuna abin da na gaya miki?" Na ce na tuna.

Muka buɗe asusu. Kowa na zuba abin da ta iya duk wata, mai fam da mai dala da mai naira, ba a bayyana adadin kowa. Waɗanda ke gida su ne idanunmu. Su ke zuwa su ga yarinya da mai riƙonta, su biya kuɗin kai tsaye a makaranta, su sayi katifa da bokiti da suwaita. Ni na nace a kan suwaitar. Sharaɗi ɗaya muka gindaya, shi ne kada a gaya wa yarinya sunan wadda ta biya mata, kada kuma a ɗauki hotonta a baza. Ba ma tambayar yarinya ikkilisiyarsu ko kabilarsu. Mun kuma roƙi kowace mace a cikinmu da ke kusa ta ɗauki ɗaya ta zama uwar ɗakinta, ta riƙa kiranta tana jin lafiyarta, domin kuɗin makaranta kaɗai ba ya hana yaro kuka da dare.

Yanzu muna ƙoƙarin jawo 'ya'yanmu da aka haifa a waje cikin aikin. 'Yata ce ke riƙe mana lissafi a kwamfuta, ɗan Yaya kuma ya karɓi aikin tura kuɗin gida. Sun fara tambayar yaushe za a kai su su ga wurin. In Ubangiji ya yarda, da na ajiye aiki zan kai nawa, mu fara sauka Mangu mu gai da dangin babansu, sannan mu wuce Gindiri. Yaya ta ce in sanar da ita da wuri don ta nemi hutu mu tafi tare.